Harajin da Na Ƙirƙira a Aziziyya

Ba zan faɗi sunana ba, don ina da 'ya'ya a makaranta, kuma ba su yi wa kowa komai ba. A Makka dai Akawu ake ce mini. Matasa, da ku nake, musamman waɗanda suka ɗan taɓa boko suna ganin sun fi iyayensu wayo. Ni ma haka na ɗauki kaina.

Kafin in lalace, ni mutum ne da ake bai wa ajiya a yi barci. A Kano na yi shekara biyu ina koyon aikin akanta, kuɗin makaranta ya gagara, na bari. Na zo Makka da takardar aikin shara, na yi kwasar bola a Arfa da Muzdalifa lokacin aikin Hajji. Daga baya wani mai bin takardun mutane ofis-ofis ya ɗauke ni, saboda rubutuna yana da kyau kuma Larabcina ya nuna. Hausawanmu na unguwar Aziziyya ba sa son shiga ofis ko kaɗan. Dattijon da zai iya tsayawa a rana tun safe a Arfa, da ka miƙa masa takarda mai hatimi sai ka ga ya rikice. Sai su ba ni igamarsu, wato takardar izinin zama, in je in sabunta musu, su ba ni na shan ruwa.

Da riyal ashirin na fara. Wata tsohuwa ta tambaye ni nawa aka karɓa a ofis, na ƙara ashirin a kai, na ce kuɗin hatimi ne. Ta biya, har da sa mini albarka. Na kwana biyu ina jiran asirina ya tonu, shiru. Daga nan kuɗin hatimi ya zama al'ada, ya tashi daga ashirin ya koma hamsin, kuma ba wanda ya taɓa cewa in nuna masa rasit.

Akwai littafin darasi guda da na taho da shi daga Kano, wanda na rubuta da hannuna a aji. A ciki akwai darasin tarihin haraji, darasin da na fi so. Malaminmu ya koya mana yadda wasu ƙasashen Turawa, shekaru aru-aru da suka wuce, suka gyara harajinsu. Suka raba kuɗin da mutum ya samu da guminsa da kuɗin da jarinsa ya haifa masa yana zaune, kamar haya ko ribar hannun jari. Sannan suka ɗora wani ƙarin haraji a saman na kullum, hawa-hawa kamar matakalar bene, iya yawan abin da ka samu iya yawan kason da za a yanka. Ya kuma gaya mana dabarar attajiran lokacin: sai su rarraba dukiyar da sunan mata da 'ya'ya, don kowane kashi ya tsaya a hawan ƙasa. Mun yi dariya a aji ranar. Wallahi ban taɓa zaton da wannan shafin zan kashe wa wani rayuwa ba.

Sai ga shekarar da aka fara karɓar kuɗi a kan iyalan baƙi, kuɗin da aka ce zai riƙa ƙaruwa kowace shekara, ga kuma maganar harajin kayan masarufi yana tafe. Hankalin kowa ya tashi. A wurin mai shayi ba a wata hira sai ta ɗariba, haka ake kiran haraji a can. Wannan ya ce za a sa wa kuɗin da ake aikawa gida, wancan ya ce har albashi za a taɓa. Wata rana wani ya juyo ya ce, "Akawu, kai da kake shiga ofis, me ka jiyo?"

Ban jiyo komai ba. Amma idanu goma suna kaina, sai na rage murya na ce, "Akwai wani babba yana zuwa, ba a so a faɗa tukuna."

Daɗin yadda suka yi tsit ne ya ja ni. A satin na buɗe tsohon littafina, na juya darasin nan zuwa Larabci, na buga shi a shagon buga takardu nesa da unguwarmu. Na tsara hawa biyar. Na rubuta cewa kuɗin gumi ba za a taɓa shi ba, amma duk ribar da jari ya haifar, hayar gida ce ko hannu a shago ko a motar haya, za a yanke ta hawa-hawa, na can sama ya kusa rabi. Na manna hatimin da na sassaƙa da kaina. Maganin kuma yana aljihuna: ka ba ni jarinka, in raba shi da sunayen talakawa amintattu da na sani, kowane kashi ya tsaya a hawan farko, ribarka tana zuwa maka.

Ga abin da ya sa ƙaryar ta zauna. Baƙo ba ya mallakar gida a Makka. Duk Bahaushen da ya tara ɗan abin hannunsa, da sunan wani ɗan ƙasa yake sa shi, ba takarda, sai magana da shaidar Allah. Mai irin wannan jari ba zai je ofis ya yi tambaya ba, don tambayar kanta tonon asiri ce. Mutum ɗaya ne kawai zai iya tambaya, wanda dukiyar take da sunansa. Saboda haka aikina duka shi ne in sa ya ji tsoron tambayar wannan mutumin. Mutum shida suka ba ni ƙananan kuɗi, ina biyan na farko riba da kuɗin na baya. Na bakwai shi ne Baba Sa'idu.

Baba Sa'idu Basakkwace ne, ya zo aikin Hajji tun yana saurayi bai koma ba. Shekara da shekaru yana dafa wa alhazai abinci a Arfa, yana tarawa. Matarsa ta rasu, ba su haihu ba. Abin da ya tara duka ya sa shi a wani bene na saukar alhazai a Aziziyya, da sunan amininsa Ammu Hamza. Shi Ammu Hamza haifaffen Makka ne, ɗan ƙasa, kakanninsa ne suka zo daga ƙasar Hausa a ƙafa, Hausarsa rabi Larabci ce. Shi ne kuma kafil ɗin Baba, wato wanda ya tsaya masa a wurin hukuma, da sunansa igamar Baba take rayuwa. Shekara ashirin da bakwai, duk bayan Hajji Ammu Hamza zai kawo masa rabonsa na haya a ambulan, Baba ko ƙirgawa ba ya yi.

Burin Baba guda ɗaya ne, kowa ya sani: ya mutu a Makka, a yi masa salla a Harami, a binne shi a nan. Idan ya ga alhazanmu sun wanke likkafani da ruwan zamzam sun shanya za su tafi da shi gida, sai ya yi ta tsokanarsu. "Ku ta ɗauka, bayin Allah! Ni ba ni ɗaukar komi, nan nike, nan za a same ni."

Da hantsi na same shi a ɗakinsa. Kada ku ɗauka wawa ne. Ya sa na karanta masa takardar sau biyu, ya karɓa ya ɗaga ta a hasken taga, har ya shafa hatimin da babban yatsa ya duba ko zai goge.

"Akawu, kai mi za ka samu ciki?"

"Ɗan na shan ruwa, Baba, kamar kullum."

"Awo." Ya ajiye takardar a gefensa. Can ya ce, "To mi ya sa Hamza bai hwaɗa min ba? Shi da ke da gidaje?"

Nan ne ƙofar da nake jira. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ni ban ce komai ba. Sai dai mai bene uku da sunansa, kai ma ka san hawan da zai faɗa. Daga rabon wa za a cire, wannan ban sani ba."

Iyakar abin da na faɗa ke nan, na tashi na tafi. Sauran aikin Baba ne ya yi wa kansa. Ya fara tuna cewa bana an cire masa kuɗin gyaran tankin ruwa, bara na na'urar sanyaya ɗaki. Ya lura ɗan Ammu Hamza ya canja mota. A karon farko ya zazzage ambulan ya ƙirga. Idan Ammu Hamza ya gaishe shi da fara'a, ya ce fara'ar ta yi yawa. Idan ya gaishe shi a gaggauce, ya ce kunyarsa yake ji. Duk sai ya zo ya gaya mini, ni kuwa sai in ce, "Allah ya kyauta, Baba," in yi shiru.

Bayan wata guda ya ce in raka shi gidan Ammu Hamza. Aka kawo gahawa da dabino, Baba bai taɓa ba. Ya ce jarinsa yake so, duka.

Ammu Hamza ya ajiye kofi. "Esh? Me ka ce? Sa'idu, lafiya? Wani abu na yi maka?"

"Ba ka yi min komi ba. Haƙƙina nike so."

"Ɗayyib, haƙƙinka ne. Amma ka gaya mini dalili, ya akhuya."

Kalma ɗaya, ɗariba, da ta fito daga bakin Baba, da na ƙare a wurin, domin Ammu Hamza ya san babu wani haraji irin wannan. Amma na riga na gaya wa Baba cewa takardar sirrin ofis ce, in ta fita ni za a ɗaure. Don ya rufa mini asiri ya yi shiru. Ku ji fa, don ya rufa mini asiri.

Ammu Hamza ya dube ni, irin kallon da ake yi wa kyankyaso a cikin tuwo, sannan ya dubi Baba. Idanunsa suka kawo ruwa. Ya ce, "Halas, shi ke nan. Ka ba ni wata biyu. Amma wanda ba ka yarda da shi a kan kuɗinka ba, kada ka bar igamarka a hannunsa. Ka nemi wani kafil."

Sai da ya sayar da shago kafin ya haɗa kuɗin. Baba ya miƙo mini su a jakar leda, na ba shi takardu huɗu da sunaye huɗu, biyu ma na matattu ne. Maganar sabon kafil na ce ya bar mini. Ban nemi kowa ba. Da igamarsa ta ƙare, na buga masa wata 'yar takarda mai hatimi na ce ana kan aiki, ya ninke ta ya sa a aljihun gaba.

Kuna zaton na ji daɗin kuɗin? Ina! Zargin da na shuka wa Baba ni ya fara ci. Na canja lambar waya sau uku. A masallaci ba na tsayawa sai a ƙarshen sahu kusa da ƙofa. Wanda ya yi mini sallama da ƙarfi, in ce an turo shi. Wanda bai yi ba, in ce ya ji wani abu. Matata ta tambaye ni ina na sami kuɗin motar da na saya, na yi mata tsawa, na kwana ina tunanin wa ya sa ta tambaya. Yawancin kuɗin na aika wa wani surukina a Kano ya saya mini fili, sannan na ɗauki wani yana leƙa mini shi, sannan na fara zargin mai leƙen.

Da azumi ya kama, Baba ya kira ni. Shi a watan azumi yake fitar da zakka, bai taɓa tsallakewa ba.

"Akawu, kuɗin nan da ke sunan mutum huɗu, wa za ya fidda zakkarsu? Ni ko su?"

Duk wayona ban shirya wa wannan tambayar ba. Na yi nazarin harajin Turawa, na manta da wa nake hulɗa. Bakina ya riga hankalina, na ce, "Ai Baba tunda an rarraba, da wuya kowane kashi ya kai nisabi. Ka huta."

Ya daina jan carbinsa. "Wato Allah ma sunaye huɗu za a nuna mai?"

Na yi ta kame-kame, ya ce in tafi, ba komai. Ashe da la'asar ya ɗauki takardar haraji da sauran huɗun ya kai wa Malam Nasiru, wani ɗalibin ilmi ɗan Bauchi da ke karantar da fiƙihu a ƙaramin masallacin unguwa. Ba ƙarata ya kai ba, fatawar zakka ya je nema. Malam ya karanta, ya ce shi bai taɓa jin wannan haraji ba, amma bari ya tambayi mai gidajen haya a cikin masu salla. Mai gidajen haya a wannan masallacin kuwa mutum ɗaya ne, Ammu Hamza.

An ce da ya karanta takardar sai ya zauna a ƙasa. Ya san idan ya kai ƙara, dole ya faɗi cewa ya riƙe jarin baƙo da sunansa, wanda shi ma laifi ne a doka. Ya kai duk da haka, yana fatan a ƙwato wa Baba kuɗinsa. Kwana uku bayan Salla, da safe, ina goge mota, 'yan sanda biyu suka tsaya a bayana. Abin mamaki, sanyi na ji a raina, don na gaji da waiwaye.

Sauran mutum shidan suka fito. Aka sami hatimin a cikin akwatina, tare da littafin darasin. Alƙali ya yanke mini shekara ɗaya da rabi, sannan a fitar da ni daga ƙasar. Motar kawai aka sayar aka rarraba musu. Filin Kano kuwa, surukina yana jin an kama ni ya sayar ya ce bai san zancen ba. Ammu Hamza ya biya tara mai nauyi. Shi kuma Baba, da aka duba, igamarsa ta mutu wata da watanni, ga takardar jabu a aljihunsa, ga jarin ɓoye. Ammu Hamza ya yi ta zirga-zirga yana roƙon a mayar da shi ƙarƙashinsa, abin ya riga ya wuce nan. Aka kai Baba tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu.

Sau ɗaya aka ziyarce ni a kurkuku ban da matata. Ammu Hamza ne. Bai gaishe ni ba.

"Abu ɗaya na zo tambaya. Esh ka gaya masa a kaina? Ka ce na yi sata?"

"Wallahi ban ce ba, Ammu. Tambaya kawai na yi masa, na yi shiru."

Ya kaɗa kai. "Da ka ce na yi sata, da na fi jin sauƙi. Shekara ashirin da bakwai, ashe shirunka kaɗai ya isa." Ya miƙe, ya ce ya je tarhil ya yi sallama da Baba, ya kai masa wata jaka, sun yi kuka su biyu kamar yara. Bai gaya mini abin da ke cikin jakar ba.

A kurkuku na tuba, tuban da ba na alfahari da shi, don sai da aka kama ni. Da wa'adina ya cika aka wuce da ni tarhil, aka ɗauki hoton yatsuna, aka sa ni a jirgi. Yanzu a Kano nake, ina rubuta wa wani mai sayar da siminti lissafi. Ranar da ya ɗauke ni na gaya masa tarihina duka, ya ce zai riƙa duba littafin kowace yamma, na ce haka nake so.

Albashina na uku na yi kuɗin mota da shi zuwa wani ƙauye a ƙasar Sakkwato. Na sami Baba a ɗakin zaure a gidan ɗan ƙanensa, mutanen da bai taɓa gani ba sai da ya dawo. Ya rame ƙwarai. Suka ce mini ba ya yarda da kowa, ko magani aka ba shi sai ya ɓoye ya nuna wa wani. Na durƙusa, na ajiye ɗan abin da na kawo, na ce ya yafe mini.

Bai taɓa kuɗin ba. Ya nuna wata jaka da ke rataye a ƙusa ya ce in sauko da ita in buɗe. Farin yadi ne a ninke, sabo fil.

"Hamza ya wanke min shi da zamzam da hannunai," in ji Baba. "Ni da ke ma mutane dariya, ga ni na ɗauko nawa."

Na mayar da yadin cikin jakar.

"Kuɗin na yafe ma, Akawu, tun ina tarhil. Makka ce ban san yadda a ka yafe ta ba. In na gano kafin in mutu, ina aiko ma."

Ku da kuke karanta wannan, ku ji tsoron riyal ashirin ɗin farko, ku ji tsoron daɗin da ake ji idan mutane sun yi tsit suna sauraron abin da ba ku sani ba. Ɗan ilmin da Allah ya ba ku, iyayen nan da ke tsoron takarda amana ce suka miƙo muku tare da ita. Kuma duk wanda ya zo muku da wata doka ya ce sirri ce, kada ku tambayi wane, to wanen nan za ku fara tambaya, tun kafin mai takardar ya gama shan ruwan da kuka ba shi.

Ni dai na daina canja lambar waya. Na bar wa ɗan ƙanen Baba ita a rubuce, kuma ko salla zan shiga ba na kashe ta. Har yau Baba bai aiko ba.